Shin Maganar Hannu Yare Ce? Amsa Ga Wani Uba a Sakkwato

Wani bawan Allah daga unguwar Mabera a nan Sakkwato ya aiko mini da tambaya game da 'yarsa 'yar shekara uku, wadda sanƙarau ya kama tana da wata goma sha huɗu, ta tashi daga ciwon amma jinta bai dawo ba. Ya ce yarinyar ta fara ƙago wasu alamu da hannu tana nuna abin da take so, shi kuma yana da niyyar haɗa ta da masu koyar da maganar hannu, sai dai mahaifiyarsa da wasu dangi sun ƙi, suna cewa wannan nune-nune ne kawai, kuma muddin aka bar ta ta saba da shi bakinta ba zai taɓa buɗewa ba. Yana so ya san ko maganar hannu yare ce ta gaskiya, ko iri ɗaya ce a duk duniya, da kuma ko 'yarsa za ta iya yin karatu da sanin addininta da ita.

Malam, Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya maka ita. Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da yara kurame, ina kuma yi wa manyansu tafinta a asibiti da wurin ɗaurin aure da zaman sulhu, kuma da wuya shekara ta wuce ban ji wannan tambaya daga bakin wani uba ba. Amsar ita ce maganar hannu yare ce cikakkiya, mai kalmominta da nahawunta da karin harshenta, kuma babu abin da Hausa ko Larabci za su faɗa wanda ita za ta kasa faɗa. Na san wannan kaɗai ba zai ishe ka ka tunkari Hajiya da shi ba, saboda haka zan shimfiɗa maka dalilan yadda za ka iya maimaita mata su cikin ladabi.

A ganina ruɗanin ya faro ne daga kalmar da muke amfani da ita. Harshe a Hausa yana nufin tsokar da ke cikin baki, yana kuma nufin yare, kamar yadda lisan yake a Larabci, sai muka tashi da tunanin cewa inda tsokar ba ta motsa ba babu yare. Amma abin da masana ke kira yare tsari ne: 'yan ƙananan guntaye marasa ma'ana da ake harhaɗawa su ba da kalmomi, da ƙa'idojin da ake jera kalmomin a kansu su ba da jimloli marasa iyaka. Baƙin k shi kaɗai ba ya nufin komai, haka ma ƙ, amma su ne suka raba kafa da ƙafa, suka raba baki da baƙi. Tambayar da ta dace a yi ke nan ita ce ko maganar hannu tana da irin wannan gini, kuma an daɗe da amsa ta. A shekarar 1960 wani malami mai suna William Stokoe, wanda ke koyarwa a kwalejin kurame ta Gallaudet a birnin Washinton, ya wallafa binciken da ya nuna cewa kowace alama a yaren kuramen Amurka tana rarrabuwa zuwa sassa: sigar da hannu ya ɗauka, wurin da aka yi alamar a jiki ko a gaban jiki, da irin motsin da aka yi. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara inda tafin hannu ya fuskanta da abin da fuska take yi. Sauya ɗaya daga cikin waɗannan yakan sauya kalma gaba ɗaya. A wancan yaren, idan ka buɗe yatsu biyar ka dafa goshi da babban yatsa ka ce uba, idan ka sauko da hannun nan yadda yake ka dafa haɓa ka ce uwa. Tsakanin goshi da haɓa bai kai taƙi ɗaya ba, kuma aikin da wannan ɗan nisa ya yi shi ne aikin da lanƙwasar ƙ take yi.

Bahaushe ma ya san haka a jikinsa ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba. Wanda ya ɗaga hannu ya dunƙule shi a gaban Sarkin Musulmi ranar hawan salla ya yi jinjina, wanda kuma ya ɗaga hannun nan ya ware yatsunsa ya tura tafin gaba ya yi daƙuwa, alhali hannu ɗaya ne, tsayi ɗaya ne, siga da motsi kawai suka bambanta. Sai dai jinjina da daƙuwa da yafuce alamu ne ɗaiɗai waɗanda ba a gina jimla da su, kuma a nan Hajiya tana da gaskiya ta wani gefe. Abin da 'yarka take yi a gida yanzu, nuna baki idan tana jin yunwa da jan zanen mahaifiyarta zuwa randa, bai riga ya zama yare ba. Iri ne da ya tsiro yana neman ruwa, kuma ba zai zama yare ba sai ta haɗu da waɗanda suke da yaren a hannunsu.

Abin da ya fi ɓata wa masu ji lissafi shi ne fuska. Mutum ya ga kurame biyu suna hira, wannan ya ɗaga gira, wancan ya tsuke ido ya kumbura kumatu, sai ya ɗauka fushi suke yi ko zumuɗi ya yi musu yawa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma a maganar hannu fuska ta wuce ba da labarin zuciya, nahawu take ɗauke da shi. A yarukan hannu da yawa, ɗaga gira tare da ɗan sunkuyo da kai shi ke mai da zance tambayar da ake amsawa da i ko a'a, haɗe gira shi ke raka tambayar wa da me da ina, girgiza kai a daidai lokacin da hannu ke yin aikatau shi ke kore aikin, kuma da gira ake ware sharaɗi daga sakamakonsa. Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan, domin muna da karin sauti. Wuya na jiki da wuya ta wahala baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ke raba su, kuma wannan hawa da sauka yana tafiya ne a kan kalmar lokaci guda. Fuska a kan hannu haka take. Na sha ganin ɗalibai masu ji sun haddace alamu ɗaruruwa amma kurame ba sa gane su sosai, saboda fuskarsu a sandare take, kamar baƙon da ya koyi Hausa daga littafi yana furta kowace gaɓa da murya ɗaya.

Akwai kuma yadda ake sarrafa sararin da ke gaban mai magana. Idan zan ba ka labarin mutum biyu da ba sa nan, sai in ajiye ɗaya a damana, ɗaya a haguna, daga nan duk lokacin da na nuna dama shi nake nufi, ba sai na sake ambatar sunansa ba, wurin ya zama wakilin suna. Aikatau irin su bayarwa da tambaya da aikawa kuma suna tashi ne daga wurin mai yi su nufi wurin wanda aka yi wa, ta yadda alama ɗaya za ta zama na ba ka, ko ka ba ni, ko ya ba ta, gwargwadon inda ta taso da inda ta sauka. Hausa tana yin makamancin wannan da wasalin o, shi ya sa aika ta bambanta da aiko, saya da sayo, kai da kawo, inda ƙarshen kalma ke gaya maka aikin ya nufo mai magana. Kuma kamar yadda muke ninka gaɓa mu ce yanka da yayyanka, raba da rarraba, haka mai maganar hannu ke maimaita motsi ko ya zagaya da shi don ya nuna aikin ya faru sau da yawa, ko ya daɗe ana yi, ko ya shafi mutane daban-daban.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata rana da la'asar na zauna da wasu kurame a gindin dogon yaro kusa da Tsohuwar Kasuwa, sai wani baduku daga cikinsu, dattijo wanda bai taɓa shiga aji ba, ya ba mu labarin haɗarin da ya gani da safe. Ya shimfiɗa hannun hagu ya mai da shi motar albasa, ya kumbura kumatu ya karkata kafaɗa, muka gane an yi mata lodi fiye da kima har ta rinjaya gefe. Hannun dama ya zama ɗan kabu-kabu, ya fito da shi daga bayan motar yana kutsawa, leɓensa a tsuke alamar gudu. Sai ya saki duka biyun na ɗan lokaci ya koma shi ne direban, idonsa a kan madubi, ya juya jiki kaɗan ya koma shi ne fasinjar da ke bayan babur tana dafe da mayafi, sannan ya mayar da hannayen daidai inda ya bar su ya haɗa su. Duk wannan bai ɗauki rabin minti ba, kuma ya ƙunshi wanda ya fito daga ina, da gudun kowa, da nauyin kaya, da abin da kowa ya gani. Abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci ga tambayarka, domin gardama ce ta tashi a kan wa ke da laifi, wani yana cewa da direban ya rage gudu a shataletale da abin bai faru ba, wani yana cewa ko da ya rage sai ya faru, na uku yana tambaya ko biyan asarar ya wajaba a kan wanda bai yi da gangan ba. Zance ne a kan abin da bai faru ba da abin da ya kamata, kuma babu yatsan da zai nuna maka laifi ko wajibi ko ganganci a fili. Sai da yare ake irin wannan zance.

Wani zai ce ai alamun kwaikwayon surar abubuwa ne. Gaskiya ne wasu alamu suna kama da abin da suke nufi, amma kamannin bai hana su zama na al'ada da ake koya ba. Kuramen Amurka suna cewa bishiya ta hanyar tsayar da damtse a buɗe yatsu kamar rassa, na Denmak suna zana da'irar ganye da kututture a iska, na Sin suna kewaye kututturen da yatsu su yi sama da shi. Kowace ta yi kama da bishiya, kuma ba mai amfani da ta wani. Hausa ma cike take da kalmomin da ke kwaikwayon sauti da yanayi, irin su tinjim da tsit da kwatsam, kuma ba wanda ya taɓa cewa sun fitar da ita daga sahun yaruka. Mafi yawan alamu kuwa, idan ka sa wanda bai koya ba ya zauna yana kallo, ba zai tsinci komai a ciki ba.

Hujjar da ta fi gamsar da likitoci ta fito ne daga ƙwaƙwalwa. A shekarun 1980 Ursula Bellugi da Edward Klima da abokan aikinsu a cibiyar Salk ta Kalifoniya sun bibiyi kurame masu maganar hannu da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki. Waɗanda ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsu, inda cibiyoyin magana suke a yawancin mutane, sun rikice a maganar hannu kamar yadda mai ji ke rikicewa a maganar baki, suna musanya siga da siga, suna kasa gina jimla, ko da hannun da suke amfani da shi lafiyarsa ƙalau. Waɗanda ya taɓa ɓangaren dama kuwa sun kasa zana hoto daidai ko tsara inda kaya suke a ɗaki, amma zancensu na hannu ya ci gaba da gudana. Sannan a 1991 Laura Petitto a Kanada ta nuna cewa jariran kurame da ke tashi a hannun iyaye masu maganar hannu suna gwaranci da yatsu, suna maimaita guntayen siga da motsi marasa ma'ana, a daidai watannin da jariri mai ji ke ta ba-ba-ba da da-da-da. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam yare take nema, ta kunne ya shigo ko ta ido.

Game da tambayarka ta biyu, maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Tarayyar Kurame ta Duniya, wadda aka kafa a Rum a 1951, tana ƙiyasta kurame kimanin miliyan 70 da yarukan hannu fiye da 300. Mutanen Ingila da na Amurka Turanci ɗaya suke yi, amma kuramensu ba sa jin yaren juna, har baƙaƙen da suke rubutawa da yatsu sun bambanta, na Ingila da hannu biyu, na Amurka da hannu ɗaya. Yaren Amurka ya fi kusa da na Faransa, kuma dalilin tarihi ne: wani limamin Kirista, de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame a Faris wajen 1760, daga makarantar nan wani malami kurma mai suna Laurent Clerc ya ƙetare teku ya taimaka aka buɗe ta farko a Amurka a garin Hartford a 1817. Daga can zaren ya iso gare mu ta hannun Andrew Foster, baƙar fata Ba'amurke kuma kurma, wanda ya buɗe makaranta a Gana a 1957 da wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da buɗe wasu a ƙasashen Afirka har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Shi ya sa yaren hannun da ake koyarwa a makarantun Nijeriya yake da tushen Amurka, ko da yake shekaru sun sauya shi, ya ɗauki alamun abincinmu da garuruwanmu da al'adunmu.

Amma kafin Foster ya zo kurame a ƙasar Hausa ba zaune suke shiru ba. Suna da nasu yaren, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye, wanda ya taso a kasuwanni da zauruka da majalisun dare, kuma a Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai, kamar yadda ake da Sarkin Makafi. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990 ta yi nazarinsa, littafinta ya fito a 2000, inda ta nuna yana da irin ginin da na bayyana a sama. Dattijon badukun nan da shi yake magana. Don haka 'yarka za ta tarar da abu biyu a garin nan, na makaranta da na gargajiya, kuma matasa da yawa suna gauraya su. Ko a cikin na gargajiyar za ka ga alamar Sakkwato ta saɓa da ta Kano a wasu kalmomi, kamar yadda mu muke cewa mi kaka so su suna cewa me kake so. A farkon aikina na yi kuskuren gyara wa yara alamun da suka zo da su daga gida, ina ce musu na ƙauye ne, kuma har yau ina nadamar haka, domin da alamun nan suke magana da iyayensu mata, kuma raina su ya sa wasu suka fara jin kunyar gidajensu. Ka bar ta ta riƙe duka biyun.

Ka kuma kiyaye da wani abu da ake yawan ruɗawa da yaren kansa. Rubuta baƙaƙen boko da yatsu hanya ce ta aro suna ko baƙuwar kalma, kamar yadda muke aro daga Larabci da Turanci, kuma kaso kaɗan ne na zance. Haka nan bin jimlar Turanci kalma bayan kalma ana lanƙaya wa kowace alama, wanda wasu malamai ke yi a aji, dabarar koyarwa ce da kurame ba sa amfani da ita a tsakaninsu, domin tana zubar da aikin fuska da na sarari ta bar zance a miƙe ba gishiri.

Wanda ke shakkar cewa yaren hannu daga kurame yake fitowa, labarin Nikaragwa ya ishe shi. Kafin 1977 kuramen ƙasar a warwatse suke, kowa da 'yan alamun gidansu. Da aka buɗe makaranta a Managwa aka tara yara, malamai suka dage da koya musu karanta leɓe da Sifaniyanci ba tare da wata nasara ba, amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka haɗa alamunsu suka fara fahimtar juna. Ƙananan da suka shigo daga baya suka karɓi wannan gaurayen suka daidaita shi, suka sa masa ƙa'idojin aikatau da na sarari waɗanda manyan ba su da su, har masana irin su Judy Kegl, wadda ta je a 1986, suka shaida haihuwar sabon yare. Ka lura da cewa ƙananan ne suka cika ginin, domin a nan amsar tsoron Hajiya take.

Tsoronta ba sabo ba ne, kuma manyan malamai sun taɓa riƙe shi. A taron duniya na masu koyar da kurame da aka yi a Milan ta ƙasar Italiya a 1880, mahalarta waɗanda kusan dukkansu masu ji ne suka yanke cewa a fifita koyar da magana da baki a kan maganar hannu, aka kori hannu daga azuzuwa a ƙasashe da yawa, aka sallami malamai kurame, aka riƙa hukunta yara idan an kama su suna alama. Sakamakon shi ne zuriya bayan zuriya da suka ƙare makaranta ba magana mai kyau, ba karatu mai kyau. Sai a 2010, a zamansa na Bankuba a Kanada, taron ya fito fili ya yi watsi da wancan hukunci. Abin da bincike ya nuna shi ne maganar hannu ba ta hana maganar baki, kamar yadda Fulatanci bai hana ɗan Fulani iya Hausa ba. Yawan abin da yaro zai iya furtawa ya danganta ne da sauran jin da ya rage masa, da shekarun da ya kurmance, da na'urar da ya samu da horon da aka ba shi. Abin da ke cutar da yaro na haƙiƙa shi ne ya ƙetare shekarunsa biyar na farko ba shi da wani yare ko ɗaya, saboda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙofar koyon yaren farko tana ƙunƙuncewa da girma. Fiye da tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka wannan haɗari a kan mafi yawansu yake.

An taɓa kawo mini yaro ɗan shekara goma sha ɗaya daga wani ƙauye a gabashin jihar nan, mai hankali, mai iya kiwo da gyaran keke, wanda ƙyanda ta kurmantar tun yana goye. Iyayensa sun yi shekaru suna yawon neman magani suna jiran bakinsa ya buɗe. Ranar da ya gane cewa kowane abu yana da suna, ya kama hannuna yana ja na daga tebur zuwa taga zuwa tulu yana neman alamar kowanne, bai bar ni na ci abincin rana ba. Ya koyi kalmomi da sauri ƙwarai, amma har ya bar hannuna jimla mai sharaɗi ko labari mai mutum uku suna ba shi wahala. A ajin nan kuma akwai yarinya 'yar shekara shida wadda iyayenta duka kurame ne, ta zo da yarenta cikakke, tana ba da tatsuniya, tana tsegumi, tana tambayar dalilin komai, kuma ita ce ta riga kowa iya karatu. Bambancinsu ba na basira ba ne, shekarun da aka bar shi babu yare ne. Bayan annobar sanƙarau ta 1996, da kuma wadda ta ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, mun ga irinsa da yawa, kuma duk wanda aka kawo da wuri ya fi samun sauƙi.

Karatu kuwa yana yiwuwa har ƙarshensa. Gallaudet tun 1864 take ba kurame ilimi mai zurfi, yanzu jami'a ce da ake koyar da lissafi da kimiyya da falsafa da hannu, kuma a nan gida Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo ta yaye malamai kurame masu yawa. Abin da ya kamata ka sani shi ne Hausa da Turanci a rubuce yare na biyu ne a wurin 'yarka, za ta koye su ta ido ba tare da ta ji sautinsu ba, saboda haka idan ka ga rubutunta ya saɓa tsari a farko kada ka ɗauka rashin ƙwaƙwalwa ne. Ƙarfin yarenta na farko shi ne tsanin da za ta taka.

Ta fuskar addini, ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da ke sananne a littattafan malamanmu shi ne isharar bebe wadda ake fahimta tana tsayawa matsayin furuci a ciniki da aure da saki, wato tun da daɗewa sun gane cewa hannu yana ɗaukar niyya da yarda da ƙi. Alwala da salla za ta gan su ta kwaikwaya tun tana ƙarama, amma sanin wane ne ake bauta wa, da me ya sa ake azumi, da mene ne amana da haƙƙin maƙwabci, sai an yi mata bayani da yaren da take fahimta. Na zauna da kurame manya da suka yi shekara talatin suna bin sahu ba wanda ya taɓa fassara musu ma'anar Fatiha, kuma na ga yadda idanunsu suka cika ranar da aka yi. Hukumomi ma sun fara farkawa, domin Yuganda ta ambaci yaren hannu a tsarin mulkinta na 1995, Afirka ta Kudu ta mai da nata harshen hukuma na goma sha biyu a 2023, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 23 ga Satumba ranar yarukan hannu, mu kuma muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ko da yake tafintoci a asibitoci da kotuna har yanzu sun yi ƙaranci matuƙa.

Shawarata ita ce ka kai ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a auna jinta, idan akwai sauran da na'ura za ta taimaka a sa mata, amma kada ka jira sakamakon kafin ka fara maganar hannu, a yi su tare. Ka je makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman da ke cikin garin nan ka ga malamai, ka kuma nemi reshen ƙungiyar kurame na jiha su haɗa ka da wata mace kurma mai hankali wadda za ta riƙa zuwa gidanku, domin awa ɗaya da mai yaren ta fi wata guda da littafin hotuna. Kada koyon ya tsaya a kan yarinyar ita kaɗai, kai da mahaifiyarta da yayyenta duk ku shiga, saboda yaron da ya iya yare a makaranta ya dawo gida ba mai amsa masa yana cikin kaɗaici mai tsanani. Ku riƙa taɓa kafaɗarta kafin ku yi mata magana, ku durƙusa daidai idonta, ku zauna inda haske ke faɗa wa fuskarku, idan an ɗauke wuta da dare a kunna fitila kafin a fara hira. Ku ba kowa a gidan alamar sunansa, ku faɗa mata inda za ku idan za ku fita da lokacin da za ku dawo. Hajiya kuwa kada ka yi jayayya da ita, gani ya kori ji. Ka roƙe ta ta raka ku ranar da za ku makarantar ta zauna ta kalli yara 'yan shekara shida suna hira a lokacin tara, sannan ka nemi malamar ta koya mata alama uku kawai, kaka da zo da tuwo, ta koma gida ta gwada su a kan jikarta.